Tattara bayanan mutane don bincike: tambayoyin da ɗalibai da masu bincike suka fi yi

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin ɗaliban digiri na biyu da na uku, da ma'aikatan da ƙungiyoyi ke turawa ƙauyuka da waya a hannu su tattaro bayanan jama'a. An fara da na share fage, sannan aka shiga waɗanda sai mutum ya fita fagen aiki yake cin karo da su.

Wane irin fannin ilimi ne wannan, kuma me masu yin sa suke bincikawa?

Abu uku ne suka haɗu wuri ɗaya. Akwai tsarin tafiyar da bayanai: wa ya tattara, a hannun wa suke, wa aka yarda ya gani, har zuwa yaushe za a ajiye su, wa za a tuhuma idan suka fita. Akwai ɗa'ar bincike, wato abin da ya halatta mai bincike ya yi wa mutumin da ya zauna gabansa yana amsa tambayoyi. Sai adalci, wanda ya fi sauran biyun faɗi: idan aka gina wani tsari a kan waɗannan bayanai, wa ya ci moriya, wa aka manta da shi, wa aka cuta? Masana irin su Linnet Taylor ta Jami'ar Tilburg a Holan, da wata cibiya a Jami'ar Cardiff a Birtaniya, suna cikin waɗanda suka fito da wannan ɓangare na uku fili tun wajen 2017.

A 2018, Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin kamfanoni uku masu duba fuska su faɗi namiji ne ko mace. A kan maza masu hasken fata kuskuren bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba, amma a kan mata baƙaƙe ya kai kashi 34.7. Babban dalili shi ne hotunan da ake horar da irin waɗannan na'urori da su yawanci na fararen fata ne. A gida kuma, lokacin da aka rufe kiran fita na layukan waya fiye da miliyan 70 a watan Afrilun 2022 saboda ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba, tambayar mai nazarin wannan fanni ita ce: su wane ne suka fi yawa cikin waɗanda aka rufe wa, kuma nawa ne nisan ƙauyensu da wurin rajista?

Ni ba likita ba ne, takardar tambayoyi kawai nake rabawa. Me ya haɗa ni da kwamitin ɗa'ar bincike?

Cuta ba sai da allura ba. Wanda ya tambayi mace ko mijinta yana dukanta, ko manomi nawa yake biyan 'yan bindiga kafin su bar shi ya girbe gonarsa, ko matashi me yake sha, ya riƙe abin da zai iya kashe aure, ko ya jawo kamu, ko ya salwantar da rai. Gaskiya ne ƙa'idojin sun samo asali ne daga likitanci, tun daga ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964, amma yau jami'o'i da mujallu da masu ba da tallafi suna neman shaidar amincewar kwamitin, wato masu duba tsarin bincike kafin a fara shi don kada a cuci kowa, ga kusan duk binciken da ya taɓa ɗan Adam. Ka nemi takardar kafin ka yi hira ta farko. Wadda aka nema bayan an gama aiki ba ta kare kowa ba, kuma amsar da ke biye ta nuna inda irin wannan ke kaiwa.

Me ya sa kullum sai an kawo zancen Trovan a Kano?

Domin a gabanmu aka yi, kuma duk abin da ake gargaɗi a kansa yana cikinsa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa na Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne: wajen rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani sanannen magani amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko suka shanye. Iyaye sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, kuma ba su san cewa a harabar asibitin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ba da maganin da aka riga aka sani kyauta ba. Kamfanin ya tsaya a kan cewa an nemi yardar iyaye da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Bayan jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000, sai ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, daga baya aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya.

A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ko a nan sai da bayanai suka sake zama abin rigima, domin an ce sai masu neman diyya sun yi gwajin ƙwayar halitta don a tabbatar 'ya'yansu na cikin waɗanda aka yi wa gwajin. Iyalai huɗu na farko sun karɓi dala 175,000 kowanne a 2011, shekara 15 bayan faruwar abin.

Asarar da ta fi girma ita ce ta yarda. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi a 2003, zancen Trovan na cikin hujjojin da mutane ke kawowa, kuma Kano ba ta dawo ba sai tsakiyar 2004, lokacin da cutar ta riga ta kama hanyar wasu ƙasashe irin su Sudan, daga baya ma ta kai Yemen da Indonesiya. Idan ka shiga unguwa da takarda wani dattijo ya ɗaure fuska ya ce "me za ku yi da sunayenmu?", kada ka ɗauka jahilci ne. Yana da tarihin da ya dogara da shi.

Wace doka ce ta hau kaina?

A Najeriya, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Dokar ta ce a tattara bayanai don wata manufa sananniya, kada a ɗiba fiye da buƙata, kada a ajiye fiye da lokacin da ake buƙata. Ta ware wasu bayanai a matsayin masu tsananin hatsari: lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa, zanen yatsa da ƙwayar halitta. Ga yara sai da yardar iyaye ko mai riƙo. Idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, ana sanar da hukuma cikin awa 72. Binciken lafiya kuma yana da ƙarin kundin ƙa'idoji na 2007 a ƙarƙashin kwamitin ƙasa na NHREC.

Wanda aikinsa ya tsallaka iyaka ya sani cewa Nijar tana da tata dokar tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido, Gana kuma tun 2012. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanai, wadda aka amince da ita a 2014, sai a 2023 ta fara aiki. A ganina doka ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema daga gare ka. Ana iya cika duk sharuɗɗanta amma a ci amanar mutane, musamman a wuraren da aka yi bayani a amsar sansanonin gudun hijira.

Yaya zan nemi amincewar wanda ba ya karatun boko?

Amincewa magana ce tsakanin mutum biyu, takarda shaida ce kawai cewa an yi maganar. Abin da aka saba gani shi ne ma'aikacin tattara bayanai ya shigo zaure, ya yi sallama, ya ce "gwamnati ce ta turo mu" alhali ba ita ba ce, ya miƙo waya a dangwala yatsa, ya fara tambaya. Wannan ba amincewa ba ce. Kafin ka buɗe manhajar, mutum ya ji da harshensa: wane ne kai, wa ya biya kuɗin aikin, me za ka tambaya, za ka naɗi murya ko ɗauki hoto, su wa za su ji, kuma idan ya ce a'a ba abin da zai rasa. Sai ka ce masa, "Baba, in na tafi wani ya tambaye ka me na zo yi, me za ka ce masa?" Amsarsa ce za ta nuna maka ko ya fahimta.

Ka rubuta bayanin da Hausar da ake yi a wurin, ka ba wani wanda bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci ko Faransanci, ka gwama ka ga inda ma'ana ta kauce. Hausar Kano ba lallai ta wadatar a Maraɗi ko Sakkwato ba, kuma a Borno za ka tarar da waɗanda Kanuri ko Larabcin Shuwa ya fi musu. Dattawa da yawa da ake rubuta wa "bai yi karatu ba" suna karanta ajami sarai, don haka ka tanadi kwafi a ajami. Ƙa'idojin Najeriya sun yarda da dangwala yatsa a gaban shaida, ko naɗar muryar amincewa, idan kwamiti ya amince da hakan tun farko. Shaidar kada ya zama abokin aikinka. Kuma ka bar wa mutum takarda mai lambar wayar da zai kira idan ya sake shawara. Amsa ta ƙarshe ta yi bayanin abin da za ka yi idan ya kira.

Mai unguwa ya ba ni izini, mai gida ma ya ce in shiga. Bai isa ba?

Izininsu ya buɗe maka ƙofa, kuma rashin nemansa rashin ladabi ne da zai iya ɓata aikin gaba ɗaya. Amma bai maye gurbin yardar wadda za ka yi wa tambaya ba. Mai gida zai ce "ai na gaya mata, ku shiga," ita kuma ta kasa musawa a gabansa. Ka tura mace ta yi hirar, a wurin da kishiya ko uwar miji ba za su ji ba, kuma a sake tambayarta bayan an keɓe. Haka almajiri: yardar malaminsa ba ta ɗauke maka neman tasa ba, kuma ka tattauna da kwamiti a kan wanda zai tsaya a matsayin uba tun da iyayen suna nesa.

Na cire sunaye daga bayanan. Shi ke nan ba wanda za a gane?

A'a. Latanya Sweeney ta nuna a Amurka cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya kaɗai sun isa a ware kimanin kashi 87 cikin ɗari na mutanen ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Da irin wannan dabara ta gano bayanan asibitin gwamnan Massachusetts a cikin kundin da aka ce an cire wa sunaye. A ƙauye abin ya fi sauƙi. "Bazawara, shekara 34, 'ya'ya shida, tana sayar da fura" mace ɗaya ce a gari mai gida ɗari biyu, kuma kowa ya san ta.

Manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox da ODK suna iya ɗaukar lambobin taswirar inda kake tsaye, wato ƙofar gidan da ka yi hira. Idan bincikenka ba ya buƙatarsu, kada ka sa wannan tambaya a fom ɗin. Idan yana buƙata, ka ajiye su daban, ka gusar da su kafin kowa ya gani. Ka mayar da shekaru rukuni-rukuni, ka ambaci ƙaramar hukuma maimakon ƙauye. Murya kuwa ba ta ɓoyuwa: duk wanda ya san mutum zai gane shi daga jimla ɗaya.

Abin da mutane suka wallafa a Facebook ko X ai na kowa ne. Me ya sa ba zan kwasa ba?

Wanda ya yi rubutu don abokansa ɗari uku bai yi don kundin digirinka ba. A 2014 an yi ca a kan wani bincike da aka sauya wa mutane kusan 690,000 abin da suke gani a Facebook don a ga ko yanayin ransu zai canza, ba tare da an gaya musu ba. Badaƙalar kamfanin Cambridge Analytica, wadda ta shafi bayanan masu amfani da Facebook har miliyan 87, ta faro ne daga wata manhajar tambayoyi da wani malamin jami'a ya ƙirƙira.

A wajenmu hatsarin ya wuce na kunya. Mun ga yadda saƙon murya a zauren WhatsApp na ɗalibai ya zama sanadin kisa a Sakkwato a 2022. Idan ka kwafi maganar wani a kan addini ko siyasa kalma da kalma ka sa a kundinka, duk mai so zai liƙa jimlar a wurin nema na intanet ya kai ga mai ita, ko da ka cire suna. Ka sake fasalin jimlar ka bayyana cewa ka yi hakan, ko ka nemi izinin mai ita. Maganar gwamna ko minista a shafinsa na hukuma daban ce. Zauren WhatsApp da rufaffen dandali kuwa ba fili ba ne ko kaɗan, kuma shiga ciki da sunan ƙarya don kwasar bayanai yaudara ce.

A ina zan ajiye bayanan?

Ba a wayar da yara ke kallon bidiyo da ita ba, ba kuma a zauren WhatsApp na masu tattara bayanai ba. Ka sa wa kwamfuta da fayil kalmar sirri, ka raba jerin sunaye da amsoshi su zauna wuri daban-daban, lamba ce kawai ke haɗa su. Ɓarakar da aka fi mantawa da ita tana shagon buga takardu na bakin ƙofar jami'a: ɗalibi ya kai hirarrakinsa a buga, fayil ɗin ya kwana a kwamfutar shagon shekara da shekaru. Takardun tambayoyin da aka cika kuma, idan aka jibge su a lungun ofis, ƙarshensu hannun mai ƙosai. Haka nan kada ka ɗora muryoyin mutane a manhajar ƙirƙirarriyar basira don ta rubuta maka su, sai ka san inda kamfanin ke ajiye abin da aka ɗora, kuma ka faɗi hakan a bayanin amincewa.

Zan yi aiki a sansanin 'yan gudun hijira. Akwai abin da ya bambanta?

Akwai, kuma babba ne. Mutumin da abincinsa ya dogara da rajista ba ya iya ce wa mai riƙe da takarda a'a. A Arewa maso Gabas an ɗauki zanen yatsun ɗimbin mutane kafin a ba su tallafi, saboda haka duk wanda ya zo da waya yana tambaya, ana ɗaukarsa mai rubuta sunayen rabo. Ka faɗa a fili, ka maimaita, cewa amsa maka ba za ta ƙara wa kowa mudu ɗaya ba, ƙin amsawa ma ba zai rage ba. Wasu za su tashi su tafi, kuma tafiyarsu alama ce cewa an fahimce ka.

Ka kuma yi tunanin hannun da bayanan za su iya faɗawa. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa bayanan 'yan Rohingya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara a Bangaladash sun kai ga gwamnatin Myanmar, ƙasar da suka gudo daga cikinta, sunaye aƙalla 830,000. Hukumar ta ce ta nemi yardarsu, amma da yawa daga waɗanda aka zanta da su sun ce su a saninsu katin tallafi ake yi musu. Kafin ka tambayi wata ko ta zauna a hannun Boko Haram, ko wani ko ɗansa ya shiga daji, ka tambayi kanka abin da zai faru idan jami'in tsaro ya karɓe wayarka a shingen bincike. Abin da ba ka rubuta ba, ba mai ƙwace shi.

Abokan aikinmu na ƙasar waje suna so a tura musu komai. In tura?

Kada ka tura sai da rubutacciyar yarjejeniya: me za a yi da bayanan, wa zai gani, sunan wa zai fito a maƙala, kwafi zai zauna a jami'arku ko a'a, kuma me zai faru idan wani ya so amfani da su don wata manufa daban. Dokar 2023 ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane waje, kuma samfurin jini ko makamancinsa ba ya fita sai da yarjejeniyar da kwamitin ɗa'a ya gani. Batun sauya manufa ba ƙarami ba ne. Ƙabilar Havasupai a Amurka ta ba da jini don binciken ciwon sukari, daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen nazarin taɓin hankali da asalin ƙabilarsu. A 2010 Jami'ar Jihar Arizona ta biya su dala 700,000 ta mayar musu da jinin. Irin wannan ne ya sa al'ummar San ta Afirka ta Kudu ta rubuta nata ƙa'idojin bincike a 2017, aka kuma fitar da ƙa'idojin CARE a 2019, waɗanda suka ce al'umma tana da ta cewa a kan bayananta ba mutum ɗaya kaɗai ba.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne rabon aiki. Ɗan gida ya sha rana, ya yi fassara, ya san wace tambaya ce za ta fusata mutane, amma sunansa ya ƙare a sakin layin godiya. Ka yi maganar suna a maƙala tun ranar farko, lokacin da ake buƙatarka.

Ana cewa Hausa ba ta da isassun bayanai a intanet. Ba gara a tattara da yawa ba don na'urori su iya harshenmu?

Buƙatar gaskiya ce. Manhajar da ba ta jin Hausa ba za ta tace kalaman tunzura jama'a da Hausa ba, ba kuma za ta taimaki manomin da ba ya Turanci ba. Amma akwai hanya fiye da ɗaya ta cike giɓin. Ƙungiyar Masakhane mai aikin koya wa na'urori harsunan Afirka, wadda ta fara a 2019, ta ɗauki tsarin sa masu harshe cikin aikin tun daga tsara shi har sunansu ya fito cikin marubuta. Kundin NaijaSenti na 2022, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ya jagoranta, ya tattara gajerun rubuce-rubucen Twitter na Hausa da Ibo da Yarabanci da Pidgin, masu harsunan da kansu suka tantance su. A ɗaya ɓangaren, mujallar Time ta ruwaito a 2023 cewa ma'aikata a Kenya da ke tantance munanan rubuce-rubuce don horar da ChatGPT suna samun ƙasa da dala 2 a awa.

Idan za ka tattara murya ko rubutu, ka duba su wa ke ciki. Kundin da aka cika da rubutun samarin birni masu waya ba ya wakiltar tsohuwa a Daura ko makiyayi a Tawa. Ka gaya wa masu ba da murya cewa kamfani zai iya amfani da ita idan lasisin da ka zaɓa ya ba da dama, ka biya masu aikin daidai wahalarsu, sannan ka bi abin da aka faɗa a amsar Facebook da X kafin ka saki kundin.

Wani ya kira bayan wata uku ya ce ya fasa, a cire maganarsa. Dole ne?

Dole ne, matuƙar ana iya cirewa, kuma ba sai ya ba da dalili ba. Dokar 2023 ta ba shi damar janye amincewarsa. A nan jerin sunayen da ka ajiye daban zai yi amfani: ka nemo lambarsa, ka goge murya da rubutaccen kwafi da layinsa a jadawali, ka sanar da duk wanda ka tura wa shi ma ya goge, sannan ka kira shi ka tabbatar masa an yi. Abin da aka riga aka buga a mujalla ba ya dawowa, don haka tun a bayanin amincewa ka faɗi watan da bayansa cirewa ba za ta yiwu ba. Idan wa'adin ajiyar da ka rubuta wa kwamiti ya cika, ka ƙone takardun da kanka ko a gabanka, ka goge jerin sunayen, ka rubuta ranar da aka yi hakan a rahotonka na ƙarshe ga kwamitin.